Hajijiyar yaro da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: yaushe ake kai wa ga tiyatar kunne?

Maman Sadik, ma'aikaciyar jinya, Daura:
Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocinmu na kunne ce. Yaro ne hajijiya ke kama shi tana saki tana dawowa, wata da watanni. An sha maganin zazzaɓi, an sha na ƙarin jini, an yi tofi, abu ya ƙi. Sai uba ya zo da magana a bakinsa, wai ya gani a waya ana yin tiyata a cikin kunne a rabu da ciwon gaba ɗaya, a rubuta mashi takarda zuwa Kano. Wane yaro ne tiyata za ta yi wa amfani, wane aiki ake yi, kuma mu da ke karɓarsu da farko me ya kamata mu duba kafin mu tura?

Baban Ilham, likitan yara:
Wa alaikumus salam Sista. A fara ware waɗanda ba ruwansu da wuƙa, don su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Yaron da ya ce idonsa na yin duhu in ya miƙe tsaye, a auna jininsa, a duba maleriya, a tambayi cinsa da shansa. Kunnensa lafiya lau. Wanda muke magana a kansa shi ne mai ganin ɗaki na juyawa, ya cafki bango ko zanen uwarsa, ya yi amai, ƙwayar idonsa na fizga gefe guda.

Ko a cikin waɗannan, iri biyu ne suka fi yawa. Na farko a 'yan shekara 2 zuwa 5: yaro na cikin wasa sai ya tsaya cak a tsorace, bayan daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna ya koma wasansa kamar ba a yi ba. Ba ya suma, jinsa ƙalau. Wannan yana wucewa da kansa cikin 'yan shekaru. Na biyu hajijiyar ciwon ɓarin kai ce, a yaran da suka ɗan tasa. Ki tambayi uwar, sau da yawa ita ma tana fama da ɓarin kai. Abin da yake buƙata barci kan lokaci, karin kumallo kafin makaranta, ruwa isasshe, rage kallon waya da dare, in ta kama a ɗora shi kan maganin rigakafi.

Sai wanda ba a yi wa sake ko na kwana ɗaya: ciwon kai da asuba tare da amai, tangaɗi ko bayan hajijiyar ta lafa, gani biyu-biyu, ido na fizga sama da ƙasa, wuya a karkace. Wannan a ɗauke shi ƙari ne a ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya har sai hoton MRI ya ce ba shi ba ne. In mai sikila ne kuma, a tuna da toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa.

Likitan Kunne KT:
Dakta ya share mana fage. Sista, abu uku za ki tambaya. Kunnen na zubar da ruwa, kuma yana wari? An taɓa bugun kan, ko marinsa, ko cusa wani abu a kunnen? Jinsa ya ragu? In duka ukun babu, da wuya mai tiyata ya sami abin yi.

A ƙasarmu, yaron da ya fi kowa cancantar tiyata saboda hajijiya shi ne mai kunne mai wari. Ba mai zubar mugunya da yawa duk lokacin mura ba, a'a, mai ɗan ruwa kaɗan mai ɗoyi da ba ya ɗaukewa shekara da shekaru, wani lokaci da jini-jini. Wannan galibi kolestiyatoma ce: fatar dodon kunne ce ta lotsa ciki ta zama jaka, matacciyar fata na taruwa a cikinta, tana girma tana cin ƙashi a ɓoye yadda gara ke cin itace. Ta kan fara da ƙananan ƙasusuwan ji guda uku. In ta ci gaba sai ta isa kunnen ciki, inda akwai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Na gefe shi ya fi fitowa fili ta wajen ƙashin bayan kunne, shi ya sa kusan tara cikin goma na hujin da take yi wa bututun nan a jikinsa ake samu. Da zarar murfin ƙashin ya cinye, iska ko matsi daga waje na taɓa ruwan kai tsaye. Yaro ya soka yatsa a kunne, ko ya fyace majina, ko iskar hunturu ta buge shi a kan babur, sai duniya ta juya.

Gwajin da za ki iya yi a ɗakin duba marasa lafiya: ki danna ɗan naman da ke gaban ƙofar kunne ya rufe ramin, ki yi ta dannawa kina saki, idonki a kan idonsa. In ya fizga ko yaron ya ce jiri, an gama magana. Amma in bai yi ba, wannan bai wanke shi ba, gwajin na yawan fitowa shiru alhali hujin na nan. Kada a wanke irin wannan kunne da sirinji. A tura shi asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko Shika, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna.

Mai Harhaɗa Magani, Ƙofar Ƙaura:
A ƙara da wannan don Allah. Maganin ɗigawa mai jentamaisin ko niyomaisin da ake saye a kemis ba a tambayi kowa ba, in dodon kunne a huje yake, balle kuma akwai huji a bututun, yana iya shiga ciki ya kashe ƙwayoyin ji da na daidaito, kuma ba sa sake tsirowa. In dole a ɗiga wani abu kafin a ga likita, mai sifrofuloksasin ya fi aminci. Stemetil kuma, maganin jiri da amai, ba na yara ƙanana ba ne, yana murɗe wuya da harshe a ɗauka farfaɗiya ce ko iska. Duk maganin kwantar da jiri kada ya wuce kwana 3, in ya daɗe yana hana ƙwaƙwalwa koyon daidaita kanta.

Ɗan Marusa, ɗalibin likita:
Ranka shi daɗe Likitan Kunne, a yi mana bayanin aikin kansa mataki-mataki. A littafi hoton ya fi sauƙi.

Likitan Kunne KT:
To ɗalibi. Kafin a taɓa yaro sai an sami abu biyu a hannu: gwajin ji na kunnuwan biyu, da hoton siti (CT, hoton da ke nuna ƙashi yanka-yanka) na ƙashin kunne. Gwajin ji na ɗaya kunnen shi ne ma ya fi muhimmanci, domin in wanda za a yi wa aikin shi kaɗai ke ji, lissafin duk ya canza.

Ana yanka a bayan kunne, kamar milimita 5 zuwa 10 daga lanƙwasar. A ɗebi 'yar fatar da ke lulluɓe da tsokar gefen kai a shanya ta, da ita za a yi faci. Sannan a fara cin ƙashin bayan kunne da injin, da babban kai tukuna, wajen milimita 6. Mutane na ɗauka ƙaramin kai ya fi aminci, alhali shi ne ke nutsewa ya huda abin da ba a gani ba. Ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, don zafin injin kaɗai ya isa ya gasa jijiya. Garin ƙashin da ya fito a tara shi a gefe.

Iyakokin wurin su ne: sama rufin da ya raba ka da ƙwaƙwalwa, baya babbar jijiyar jini mai launin shuɗi, gaba bangon ramin kunne. Kana nutsawa za ka faɗa kogon da ke kaiwa ga kunnen tsakiya, a ƙasansa ga bututun gefe, fari, santsi. Jijiyar fuska na nan daf da shi daga ƙasa. A nan ake canza kan injin zuwa mai garin daimon, wanda yake goga ba ya yanka.

Ƙa'idar ita ce: duk kolestiyatomar da ta kwanta a kan bututun gefe, ka ɗauka akwai huji a ƙarƙashinta ko hoto bai nuna ba. A share ko'ina a gama, a bar wannan ɗan yanki sai ƙarshe. In an zo kansa, facin na shirye a kusa, an riga an ba da sitiroyid, maganin rage kumburi, ta jijiya, wurin na jiƙe da ruwan gishiri. A ɗaga fatar a hankali da ƙaramar wuƙa mai zagaye, a rufe nan take da facin, a bi da garin ƙashi, wasu su ƙara guringuntsi. Babban kuskuren da ke kashe kunne shi ne ɗora bakin abin zuƙe ruwa a kan hujin. Daƙiƙa ɗaya ta isa ya zuƙe ruwan ciki ya yaga lallausar fatar bututun, yaro ya farka kunnen ya mutu, da hajijiya mai tsanani ta kwanaki.

Dattijon Tiyata:
Bayanin ya yi, Allah shi yi albarka. Amma ban yarda a koya wa yara cewa kullum ana ɗage fatar ba. Hujin da bai kai milimita 2 ba, ɗage ka rufe. Wanda ya fi haka, ko wanda fatar ta manne da abin da ke ciki, ko kunne na cikin ruɓa da mugunya, ko shi kaɗai ne mai ji, bar ta a wurin. Ka rushe bangon bayan ramin kunne, kogon ya zama a buɗe, fatar da ka bari ta zama bangon kogon. Kolestiyatoma tana ɓarna ne saboda a rufe take. In ta sami ƙofa ba ta tara komai.

Kuma ni a wurinmu na fi karkata ga rushe bangon ko ba huji. In ka bar bango a tsaye, ka ɗauki alkawarin sake buɗewa bayan wata 6 zuwa 12, don ta yara ta fi ta manya saurin dawowa. Uban da ya sayar da akuya ya kawo yaro daga Baure ko Zango, ya ga kunne ya bushe, da me za ka shawo kansa ya dawo a sake yanka? Sai dai ya dawo bayan shekara uku da fuska a karkace ko ƙurji a ƙwaƙwalwa.

Likitan Kunne KT:
Ranka shi daɗe, kan babban huji da kunne tilo mai ji ba ni da ja. Amma buɗaɗɗen kogo ma yana son dawowa asibiti, kuma har abada. Duk wata 6 zuwa 12 sai an share shi a ƙarƙashin madubi, kuma yaro ɗan shekara 7 ba ya kwanciya shiru a yi masa. Kogon yaro babba ne don ƙashinsa cike yake da ramukan iska. Ruwan sanyi ya shiga, hajijiya. Na'urar ƙara ji ba ta zama da kyau. Fatar da aka bari a kan huji kuma tana nan tana amsa kowane matsi, wato hajijiyar da aka zo dominta ba lallai ta tafi duka ba. Shi ya sa yanzu da yawa ke rushe bangon su share, sannan su cike kogon da garin ƙashi da guringuntsi da tsoka a zama ɗaya.

Dattijon Tiyata:
Su cike, su binne ɗan guntun da ya ɓoye masu a ƙarƙashi. Wa zai gan shi?

Mai Hoto, Katsina:
Baba, MRI zai gan shi, amma da sharaɗi. Akwai wani salo na musamman da ke nuna kolestiyatoma tana haske, yana kama wadda ta kai milimita 2 zuwa 3. Sai an rubuta shi a takardar buƙata ƙarara, kuma ba kowane inji ke da shi ba, don haka a tambaya kafin a ɗora iyaye a mota. Siti ba ya bambance tabo da ruwa da kolestiyatoma bayan an yi aiki, duk toka-toka yake nuna su.

Tunda an zo kan hoto: sitin kai na yau da kullum, mai yanka milimita 5, ba shi da amfani a nan. Ana son na ƙashin kunne, yanka bai wuce milimita 0.6 ba ko kusa da haka, a kuma juya hoton ya bi kwanciyar kowane bututu. In ba haka ba, za a biya kuɗi, yaro ya sha haske, a sake aiko shi.

Hattara kuma da rahoton da ya ce murfin bututun sama a buɗe yake. Ciwon gaskiya ne, Lloyd Minor ya bayyana shi a 1998 a Amurka. Amma ƙashin wurin siriri ne tun haihuwa, yana ci gaba da kauri har wajen shekara 3, kuma siriri sosai a hoto kamar babu yake fitowa. Ba a buɗe kan yaro don hoto kaɗai.

Mai Gwajin Ji:
Haka ne. Mai wannan ciwo da gaske yana da alamominsa: ƙara mai ƙarfi kamar lasifikar biki ko hon ɗin tirela na sa masa jiri, muryarsa na yi masa amo a ka, yana jin bugun zuciyarsa, wani har motsin idonsa. A gwaji za ka ga tazara tsakanin ji ta iska da ji ta ƙashi a ƙananan sautuka, alhali dodon kunne lafiya yake yana motsi daidai. Sai gwajin tsokar wuya ko ta ƙasan ido da ake yi da sauti ya nuna kunnen na amsawa da wuri fiye da ƙima. In hoto da alamomi da gwaji suka haɗu, kuma abin ya hana yaro makaranta, sannan a yi maganar toshe bututun, ta bayan kunne ko ta saman kunne a ɗaga ƙwaƙwalwa kaɗan. Mafi yawan yara kauce wa ƙarar ya ishe su.

Ga Sista kuma: kada a ce yaro ya yi ƙanƙanta da gwajin ji. Daga shekara 5 yana ɗaga hannu kamar babba, ɗan shekara 3 ana yi masa ta wasa, ya jefa abu a kwano in ya ji ƙara, jariri kuma ana auna amsar jijiyar yana barci.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai. To mai ciwon Meniya fa? Shi ne sunan da iyaye suka fi zuwa da shi.

Dattijon Tiyata:
'Yata, a yara ƙalilan ne ƙwarai. Tun 1861 da Bafaranshen nan Prosper Ménière ya nuna cewa irin wannan hajijiya daga kunne take ba daga ƙwaƙwalwa ba, ciwon manya aka san shi. Kafin a kira sunansa sai an sami hajijiya aƙalla sau biyu, kowace ta ɗauki minti 20 zuwa awa 12, da raguwar ji a ƙananan sautuka da aka gani a takardar gwaji, da ƙugi ko cikar kunne mai zuwa yana tafiya. Ba gwajin ji, ba Meniya.

In ya tabbata, a fara da gishiri. A gidajenmu ba gishirin gwangwani ne kaɗai ba, dunƙule ne, da garin ɗanɗanon taliyar leda, da yajin tsire, da kanwa. Sai magungunan sha. In sun gaza, allurar sitiroyid ta dodon kunne, yaro ya kwanta kunnen na sama kamar minti 30. A 2016 an buga wani gwaji daga Landan a kan manya 60, aka ga sitiroyid ya rage hajijiya kusan daidai da allurar jentamaisin da ake yi don kashe ƙwayoyin daidaito da gangan, ba tare da ya lalata komai ba.

Tiyatar da ake yawan ambata ita ce ta jakar ruwan kunnen ciki. Georges Portmann ya fito da ita a Faransa a shekarun 1920. Ana cin ƙashin bayan kunne, a bi bayan bututun baya, a cire ƙashin da ya danne jakar a jikin fatar ƙwaƙwalwa, wasu su tsaga ta su sa ɗan siririn roba. Haɗarinta huda bututun baya, wanda kurumta ce, ko yage babbar jijiyar jini, ko yoyon ruwan ƙwaƙwalwa. A 1981 likitocin Denmak suka raba marasa lafiya 30 gida biyu, rabi aka yi masu aikin sosai, rabi aka ci ƙashin kawai ba a taɓa jakar ba. Duka ɓangarorin suka sami sauƙi kusan iri ɗaya. Har yau ana gardama a kan lissafin wannan gwaji, amma ya isa ya sa mutum ya yi sanyi.

Likitan Kunne KT:
Duk da haka, Baba, in yaro ya kai inda komai ya gaza, ita zan zaɓa kafin masu rushewa, don ba ta kashe komai da gangan. Jentamaisin ta dodon kunne, da yanke jijiyar daidaito, da kwashe kunnen ciki gaba ɗaya, duk kashe ɓangare guda ake yi don ɗayan ya riƙe aikin. Dattijo mai shekara 65 ana iya yi masa wannan caca. Ɗan shekara 10 yana da shekaru masu yawa a gaba, kuma Meniya na iya tsallakawa ɗaya kunnen. In ta tsallaka bayan ka kashe na farko, ka bar shi ba madogara: ba ya iya tafiya cikin duhu, in yana tafiya duk abin da ya kalla rawa yake. Kwashe kunnen ciki sai wanda jinsa ya riga ya mutu, kamar wanda ruɓa ta riga ta shige ciki.

Dattijon Tiyata:
A kan wannan bakinmu ɗaya.

Mai Gwajin Ji:
Akwai wanda ake rikitawa da Meniya, kuma tiyatar jakar tana cutar da shi. Yaron da aka haifa da faffaɗar magudanar ruwan kunnen ciki. Valvassori da Clemis suka bayyana shi a 1978, suka sa iyakar faɗin a milimita 1.5 a tsakiya. Jinsa na sauka mataki-mataki, galibi bayan ɗan bugun kai da bai kai a ce komai ba, tare da hajijiya. Wasu na da maƙoƙo ko za su yi shi in sun balaga, kuma gado ne daga uwa da uba, don haka inda ake auren zumunci a duba ƙannensa. An gwada toshe jakar ko buɗe ta, ji ya ƙara lalacewa, aka daina. Abin yi: ba dambe, ba kokawa, ba sa wa ƙwallo kai, hular kwano a kan babur, na'urar ƙara ji, in ji ya ƙare a yi dashen na'urar ji a kunnen ciki.

Baban Ilham:
Mu kuma da ke yankin sanƙarau kada mu manta. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa kafin sallama, ko cikin mako 4. Ciwon na shiga katantanwar kunne, wato ɓangaren ji na kunnen ciki, kuma cikin makonni ƙashi na iya fara cike ta. In aka yi jinkiri ba inda za a zura wayar dashen. Irin waɗannan yara da waɗanda suka sha allurar jentamaisin da yawa suna jarirai su ne za ki ga sun wuce wata 18 ba su yi tafiya ba. Ba hajijiya suke yi ba, daidaiton ne ya tafi ta ɓangarorin biyu, kuma ba tiyatar da ke dawo da shi. A gargaɗi iyaye kada ya yi nutso a kududdufi ko dam, a cikin ruwa ba ya sanin sama da ƙasa.

Ɗan Marusa:
Saura na mari da tsinke da aka ambata da farko.

Likitan Kunne KT:
Mari yakan fasa dodon kunne ne kawai, kuma mafi yawa na haɗewa da kansu cikin mako 4 zuwa 8 in an bar kunnen a bushe, ba man zaitun, ba ɗigo. Wanda ke tayar da hankali shi ne tsinken tsintsiya, ko ashana, ko gashin kaza, ko tsinken auduga da aka bangaje yaro yana sosawa. In ya bi ta sama ta baya yana iya tura ƙaramin ƙashin ji na ƙarshe cikin 'yar tagar da yake rufe da ita ta kunnen ciki, ruwan ciki ya fara yoyo. Alamar: hajijiya nan take, amai, ido na fizga, ji na sauka. In abin da sauƙi, kwanciya kai a ɗage kamar digiri 30, ba yunƙuri, na kwana 5 zuwa 7, ana maimaita gwajin ji. In ji na ci gaba da sauka, ko hoto ya nuna iska ta shiga kunnen ciki, a buɗe da wuri. Ta cikin ramin kunne ake bi, a ɗaga dodon, a kankare bakin tagar kaɗan don facin ya kama, a cusa kitsen leɓen kunne ko fatar tsoka. Hajijiya takan tafi, ji kuwa ba a yi wa iyaye alkawari. Abin da ba a yi shi ne buɗe kunne neman yoyo ba tarihin rauni ba wata nakasa a hoto. Ruwan allurar kashe zafi da kai ka yi zai taru a tagar ka rantse yoyo ne.

Mafi sauƙin duka kuma ruwa mai danƙo a bayan dodon kunne, ga yaro mai yawan faɗuwa da ƙara sautin talabijin. A jira wata 3. In bai janye ba, a tsaga dodon ta gaba ta ƙasa, nesa da ƙasusuwan, a zuƙe, a sa ɗan bututu. Aikin minti 15 ne, bututun na faɗowa da kansa cikin wata 6 zuwa 12.

Ɗan Ƙofar Sauri, mai sa barci:
Daga ɓangarenmu. Azumi: abinci awa 6, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Koko da kunu abinci ne, a faɗa wa uwa da baki, don da yawa na ɗaukarsu ruwa. A san jinsin jini kafin a sa rana. Mai sikila ana son jininsa ya kai wajen giram 10, da ƙarin ruwa, da ɗumi, da iskar oksijin bayan aiki. In za a sa na'urar sa ido kan jijiyar fuska, a gaya mana tun farko kada mu ba da maganin sakin tsoka mai daɗewa, in ba haka ba na'urar za ta yi shiru ko an taɓa jijiyar. Allurar kashe zafi ta lidoken mai adirenalin iyakarta miligiram 7 a kowane kilo, wato yaro mai kilo 20 kada a wuce mil 7 na mai kashi 2 cikin ɗari. Aikin kunne na sa amai, amai kuma yunƙuri ne da ke iya ɗaga facin, don haka a ba da maganin hana amai, ondansetiron da deksametazon, tun yana kan tebur. Farasitamol miligiram 15 a kilo duk awa 6.

Dattijon Tiyata:
Madalla. Ɗalibi, ka rubuta wannan ma: ɗan ƙasa da shekara 2 ƙarshen ƙashin bayan kunnensa bai fito ba, jijiyar fuska na nan kusa da fata. Yankan babba in ka yi masa, ka yanke ta kafin ka kunna inji. A ja yankan sama da baya.

Maman Sadik:
Allah shi saka da alheri. In an sallamo su suka dawo wurinmu, me za mu sa ido a kai?

Sista Babba, ɗakin masu tiyata:
Ƙanwata, tun yana farkawa a sa shi ya yi murmushi, ya runtse ido, ya ɗaga gira. Karkacewar da aka gani nan take a kira likita a lokacin. In allurar kashe zafi ce za ta saki cikin 'yan awanni, in ba ta saki ba magana ce babba. Wadda ta zo bayan kwanaki galibi kumburi ne, tana warwarewa, amma a kare idon da ba ya rufuwa. A buga ƙarfen gwajin ji mai baki biyu, mai lamba 512, a ɗora a tsakiyar goshi: ya kamata ya ji a kunnen da aka yi wa aiki, tunda a toshe yake. In ya ce a ɗaya kunnen yake ji, ga hajijiya mai ƙarfi, kunnen ciki ya taɓu, a sanar ba jira. Ruwa garai kamar na famfo daga kunne ko hanci, zazzaɓi, sanƙarewar wuya, duk a mayar da shi ranar.

Naɗin kai awa 24, zare kwana 7, abin da aka cusa a ramin kunne sai wanda ya sa shi zai cire, galibi mako 2 zuwa 3. Wanka da auduga mai Vaseline a bakin kunne. Alwala a shafi waje kawai. In an yi facin huji, kwanakin farko babba daga cikinsu ya yi salla a zaune. Atishawa baki a buɗe, ba fyace majina, kada a bari cikinsa ya ɗaure, ba ɗaukar jarka ko tallan kai har mako 6.

Mai Gashin Ƙashi:
Amma kada a kwantar da shi a ɗaki mai duhu da sunan jinya, in ba likitan ya ce ba. Washegari ya zauna, ya taka da mai riƙe shi. Bayan an ba da izini, a rubuta harafi babba a kati a riƙe a tsawon hannu, ya kafe shi da ido yana juya kai dama da hagu minti 1 zuwa 2, sau 3 zuwa 5 a rana. Zai ɗan ji jiri, haka ake so. Sai tsayuwa a kan katifa, da tafiya kan layin da aka ja a ƙasa, daga baya 'yar gala-gala. Yara sun fi manya saurin daidaitawa, da yawa cikin 'yan makonni sun koma gudu.

Maman Sadik:
Dakta, wanda kunnensa ke wari amma iyayen suka ce sai bayan girbi za su sami kuɗin tafiya fa?

Likitan Kunne KT:
In wari ne kaɗai, a share kunnen da busasshiyar auduga, a sa sifrofuloksasin, a rubuta masu rana a kati, 'yan makonni ba za su canza komai ba. In hajijiya ta riga ta shigo, ko fuska ta fara karkacewa, ko kumburi a bayan kunne, ko ciwon kai da zazzaɓi, ba ya jiran girbi. Ki rubuta "gaggawa" a saman takardar, ki kira sashen kunne kafin su taso don kada su tarar ba ranar asibitin ba ce.